Rabin Dokar da Na Karanta

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, cikin kaka, a shekara ta biyu da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. An gama girbin gero, dawa ba ta kai yanka ba. Abokaina goma suna zaune a kan tulin bulo a bakin filinmu da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ni ina tsaye a gabansu riƙe da wani ɗan littafi. Abin da ke gabanmu ba shi da yawa, yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga shi. Wasan kurket ɗaya ne, ranar Asabar. Gurbi ɗaya ne na mai jifa a tawagar yara ta jiha da za a kai Kaduna. Masu neman gurbin mu biyu ne, ni da Tasi'u. Sai kuma jimla guda ta Turanci a shafin da na buɗe, mai rabi biyu. Na karanta rabin farko da ƙarfi, na fassara musu, na rufe littafin. Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Yau sana'ata dillancin motoci, da kaina na tashi, kuma na yi ciniki iri-iri, amma wannan shi ne na farko, shi ne kuma wanda har yau ban gama gane ko na ci riba ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na su Tasi'u. Mahaifiyata, da duk yaran layin ke kira Umma, nas ce a asibitin koyarwa. Mahaifinsa, Baba Idi, magini ne, yana cikin 'yan tsirarun da suka rage masu ginin ƙasa a lokacin da kowa ya koma bulo da siminti. Tare muke zuwa makarantar allo da asuba, tare muke bin layin famfo da jarkoki, tare muke kai niƙa inji mu dawo gashin ido fari fat da gari. In Umma tana aikin yamma, a gidansu nake cin tuwo. In damina ta yi nisa, Baba Idi yakan tura mu gonarsu ta bayan Darmanawa korar tsuntsaye, mu wuni muna kaɗa gwangwani, mu saci masarar kanmu mu gasa a gindin darbejiya. Muna da shekara shida Tasi'u ya faɗo daga wannan katangar da ta raba mu, yana ƙoƙarin tsallakowa wurina. Kafaɗarsa ta dama ta karye, mai ɗori ya ɗora, ta haɗe a karkace. Daga ranar hannun bai sake wuce saitin kafaɗa ba. Yana ci da shi, yana rubutu, yana ɗaukar kaya, amma ko a aji in zai amsa tambaya sai dai ya ɗaga hagu.

Kurket kuwa wani likitan ƙashi ne ya kawo mana shi, Bapakistane, wanda Umma ke aiki a ɗakin marasa lafiyarsa. Dakta kawai muke ce masa. Yana haya a Tarauni, kuma kullum da yamma yakan fito wannan fili shi kaɗai yana jifan wasu sanduna uku da ya kafa a ƙasa. Mun ɗauka taɓin hankali ne irin na masu yawan karatu. Muka bar langa da garan taya muka zo kallo, shi kuma ya mayar da 'yan kallo 'yan wasa. Wasan dai kamar haka yake: mutum ɗaya ya jefa ƙwallo yana neman kayar da sandunan, wani ya tsaya a gabansu da katako mai faɗi yana karewa, in ya maka ta ta yi nisa sai ya yi ta gudu yana tara maki, in ta kayar da sandunan ko aka cafe ta a sama ya fita. Sunayen da Dakta ke faɗa sun yi mana nauyi, sai muka raɗa namu. Sandunan uku muka kira su turaku, katakon kuma muciya, don ya yi kama da ta tuƙin tuwon biki. Ƙwallon ta tanis ce da yake naɗewa da jan salatif. Hausarsa a kakkarye take, abin da ya fi iyawa shi ne, "Yaro, gudu! Babu tsaya!"

Jifan kurket ta sama ake yin sa, mutum ya sheƙo da gudu ya kewayo da hannu ta saman kai kamar fanka. Ni na iya wannan da wuri, ina da tsawo, ina da ƙarfi. Tasi'u kuwa wata guda yana tsintar ƙwallo a bakin fili. Wata rana ƙwallo ta je wurinsa, sai ya cillo ta ta ƙasa, yadda ya saba cilla wa babansa tubali a kan gini. Duk wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa ya san wannan jifa. Ana murza tubalin da yatsu ne ya tashi yana juyawa, ya sauka daidai tafin hannun magini ba tare da ya duƙa ba. Ƙwallon ta taso sama, ta sauka gaban turaku, ta yi kwana kamar an kira ta, ta kayar da na tsakiya. Dakta ya ajiye muciya. Ya matsa kafaɗar Tasi'u ya duba ta tsawon lokaci, ya girgiza kai, don ƙashin ya riga ya yi ƙwari. Sa'an nan ya miƙa masa ƙwallon. Muka ce ai wannan ba jifa ba ne. Dakta ya ce, "Doka babu hana. Faɗa ma alƙali kawai, shi ke nan." Haka dokar take a wancan lokaci, in ka sanar da alƙalin wasa cewa ta ƙasa za ka jefa, ba mai tsayar da kai.

Muka sa wa abin suna jifan magina. Cikin shekara guda labarinsa ya kai Babban Giji da Hotoro. Yaran makarantun kuɗi da ke da kayan wasa na gaske sukan zo su yi dariya in sun ga ɗan siriri yana lilo da hannu kamar mai ba kaji tsaba, sai dariyar ta ƙare a kan hanyarsu ta komawa benci. Wata ƙwallon ta yi sama har mai muciya ya gaji da jira, wata ta taho a ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare. Shi kuma ba ya ihu, ba ya tsalle, sai dai ya hura yatsunsa ya koma wurinsa. Zan faɗi gaskiya tunda na zauna rubutu: ina son Tasi'u, kuma ina jin haushinsa. Ni ne kyaftin, ni ke gudu har numfashina ya sarƙe, ni tafin ƙafata ke tsagewa, amma in aka tashi sunansa ake kira. A yara goma da za a fitar, shida ko bakwai nasa ne, ni in samu biyu.

Wata biyar kafin wannan Alhamis ɗin aikin Dakta ya ƙare ya koma ƙasarsu. Ya bar mini jakar kayan wasa, ya ce in riƙe yaran. Lokacin gari ya cika da zancen doka. Bayan shekarun da aka yi ana magana ƙasa-ƙasa, sai ga kowa ya zama lauya. A teburin mai shayi, a tashar 'yan acaɓa, a gidan rediyo, ba ka jin komai sai tsarin mulki da sashe na kaza. Fastocin kansiloli ba su gama ɓanɓarewa daga katangu ba. Mu ma yara muka ɗauka, in an yi gardama a layin famfo sai ka ji wani ya ce, "Yanzu fa ba soja, doka ce ke aiki." Cikin sababbin abubuwan da aka farfaɗo da su har da wasannin yara. Wani koci ya zo filinmu a kan Vespa, ya ce ranar Asabar za mu kara da 'yan Tarauni, kuma daga ɓangarenmu mai jifa ɗaya zai ɗauka. Ba wanda ya tambayi wa za a ɗauka. Yaran suka fara tsokanar Tasi'u, wai ya sayo musu tsaraba a Kaduna. Shi da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba ya yi ta murmushi yana cewa su bari.

Ranar Talata Umma ta dawo daga aiki da ambulan mai tambarin ƙasar waje. Ta ce, "Ga saƙon Daktanku, ya ce a ba kyaftin." Sai da safe, kafin in tafi makaranta, na zauna a soro na buɗe. Littafin dokokin kurket ne, sabon bugu, don masu kula da wasan a Ingila sun sake tsara dokokin a shekarar. An naɗe kusurwar shafi ɗaya. Dakta ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata jimla. Rabinta na farko ya ce daga yanzu an hana jifa ta ƙasa. Rabinta na biyu ya ce sai dai in an yi yarjejeniya kafin a fara wasa. A gefen shafin ya rubuta sunan Tasi'u da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma 'yan kalmomi gare ni: in riƙa samun kyaftin ɗin abokan karawa kafin kowane wasa in nemi yardarsa, ba kyaftin ɗin kirki da zai ƙi. Wato mutumin nan yana can wata duniya ya ga dokar, ya tuna da kafaɗar ɗan magini a Gyaɗi-Gyaɗi, ya biya kuɗin gidan waya don ya nuna mana ƙofar da aka bari a buɗe.

Ni kaɗai ne a cikinmu nake karanta Turanci ba tare da tuntuɓe ba. Kwana biyu ina juya abin, kuma na tuna sarai yadda na lallashi kaina, don na sha ganin irin wannan lallashi a bakin mutane a kasuwa. Na ce ba ƙarya zan yi ba. Ba ni na rubuta dokar ba. Duk abin da zan faɗa yana cikin littafin, kawai zan tsaya ne a inda numfashi ya tsaya. Na kuma ƙara da cewa ko an kai shi Kaduna can ma hana shi za a yi, gara ya ji kunya a gida. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini daɗi, don ya mayar da ni mai taimako.

Da na rufe littafin ranar Alhamis ɗin sai wani ya ce, "Su wa suka kafa dokar? Sun taɓa ganin jifan nan kuwa?" Wani ya ce a yi kamar ba mu gani ba. Na ce koci zai sani, kuma za a kore mu gaba ɗaya. Tasi'u ya taso ya karɓi littafin, ya buɗe inda aka naɗe. Turanci ya fi ƙarfinsa, amma ba yaron da bai san sunansa ba.

"Ga sunana nan. Me Dakta ya ce?"

"Ya ce a gaishe ka," na ce. "Ya ce ka yi haƙuri."

"Allah sarki Dakta. Ina amsawa."

Ya miƙo mini littafin da hannu biyu. A nan ne ƙaryar da na ce ba zan yi ba ta fito da kanta, ban ma sha wahalar nemo ta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina tsakar gida ina wanke kayan makaranta na fara jin ƙara a jikin katangarmu. Tim. Shiru. Tim. Na hau turmi na leƙa. Tasi'u ne ya zana turaku uku da gawayi a bango, yana koyon jifa ta sama da hannun hagu. Ƙwallon tana zuwa ko'ina ban da inda ya zana, ta bugi randa, ta firgita kaji, ta faɗa cikin kwaɓin ƙasar Baba Idi. Ya ɗauko ya goge ya sake. Har magariba yana yi. Na sauka daga turmin na ci gaba da wankina. Katangar da ya faɗo daga kanta yana nemana, ita yake duka, ni kuma ina ɗaya gefen ina matse riga.

Ranar Asabar kyaftin ɗin 'yan Tarauni, wani dogo mai suna Mubarak, ya zo muka gaisa a tsakiyar fili. Ya dudduba ya ce, "Ina mai tubalin naku? Sati guda muna sa ƙanena yana cillo mana lemo ta ƙasa saboda shi." Na nuna masa littafin daga nesa na ce sabuwar doka ta hana. Ya ce, "Haba dai! A bar shi mana, mu wallahi ba mu damu ba. Ni so nake in ga ko zan iya da shi." Yarjejeniyar ke nan ta zo har hannuna, ban nema ba, ban roƙa ba. Kalma ɗaya ta rage, tawa. Na ce, "Doka doka ce, Mubarak." Kocin yana gefe, bai ga sabon littafin ba tukuna, ya jinjina kai ya ce ga yaro mai bin ƙa'ida.

Na tura Tasi'u can ƙarshen fili, kusa da tulin bulo, wurin masu tsintar ƙwallo. Na yi jifa iya ƙarfina, na fitar da yara uku. Na ukun Mubarak ne. Ya maka ƙwallona ta yi sama kamar ba za ta dawo ba, Tasi'u ya bi ta da gudu ya tare ta a ƙirji da hannu biyu, ya faɗi a kan tsakuwa bai sake ta ba. Ya tashi gwiwa na jini, ya cillo mini ita ta ƙasa daga wannan nisa, ta sauka a tafin hannuna ban ko motsa ba. Kocin ya ce, "Wane ne wancan?" Na ce ɗan layinmu ne. Duk da haka 'yan Tarauni suka cinye mu, abin da ba su taɓa yi ba. Da aka tashi kocin ya rubuta sunana. Tasi'u ne ya fara zuwa ya ba ni hannu.

Kaduna kwana huɗu muka yi. Aka ba mu riga da wando masu ratsi, muka kwana a ajin wata makaranta. A can na haɗu da ƙwallon gaske mai tauri kamar dutse, da yaran da suka fi ni gudu da saiti, ban fitar da ko mutum ɗaya ba. Ba a sake kirana ba. Da na dawo na tarar rabin yaranmu sun koma ƙwallon ƙafa. Tasi'u bai sake taka filin ba, ya bi babansa aiki, ya koyi bulo da siminti. Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa, in an yi rasuwa ko suna muna haɗuwa. Abu ɗaya ne ya canja: bai sake tsallako katanga ba, bai kuma sake kirana da sunana ba. Kyaftin yake ce mini, ko a gaban matata da 'ya'yana.

Bayan fiye da shekara ashirin na sayi fili a Hotoro, na kira shi ya yi mini katanga. Lokacin ya zama babban magini mai yara a ƙarƙashinsa, furfura ta fara fito masa. Umma ta rasu shekara biyu kafin nan, kuma cikin kayanta na tsinci littafin. Ranar da ya gama aikin muna zaune a kan benci muna shan ruwa, na ciro shi na buɗe shafin. Jan biron ya koɗe amma sunan yana nan. Na karanta masa jimlar har ƙarshe, na karanta masa abin da Dakta ya rubuta, na faɗa masa abin da Mubarak ya ce. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ya saurara yana kankare siminti daga farcensa.

"Ai na sani, Kyaftin."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar Juma'ar. Umma, Allah ya ji ƙanta, ta tare ni a bakin famfo da safe. Ta ce Dakta ya rubuto mata cewa ya samo mini mafita, in kyaftin-kyaftin sun yarda zan yi jifana. Har ta ce in yi mata addu'a in na je Kaduna."

"To me ya hana ka magana? Ko a gaban koci ai da ka tona ni."

Ya yi 'yar dariya. "In ce me? Dokar cewa ta yi sai an yarda. Kyaftin ɗina bai yarda ba. Ka ga ai ba a karya doka ba." Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya dafa katangar da hannun da ba ya ɗaguwa. "Kada ka bari yara su hau ta sai ta kwana uku."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda da shi, don Tasi'u ba ya faɗar rabin magana. Amma da zai hau babur ɗinsa, "Sai an jima, Kyaftin" ya ce.

Yanzu in na bi ta wajen filin nan ba na gane inda turaku suke. Shagunan magani ne da ɗakunan gwajin jini, bene a kan bene, ɗaliban asibiti suna kai da kawo da fararen riguna. Gonar Darmanawa ta zama gidaje. Ba mai cilla tubali kuma, kwanon siminti ake miƙawa. Yarana ba su san akwai wani wasa wai shi kurket ba, da na gwada musu jifan magina da lemo a tsakar gida sai suka yi dariya, kamar yadda muka yi a farko. A kasuwa an san ni da abu ɗaya: in zan sayar da mota ina faɗar aibinta har ƙarshe, ko da cinikin zai watse. Mutane na ɗauka tsoron Allah ne kawai, ina fata hakan ne, amma na san inda na koya. In na zauna na auna, abin da na samu riga da wando ne da suka yi mini kaɗan kafin shekara ta zagayo, da kwana huɗu a garin da yanzu nake zuwa in dawo a wuni ɗaya. Abin da na bayar kuwa shi ne mutumin da ke kirana da sunana. Masu dokar suna can Ingila, ba su san Tasi'u ba, amma sun bar masa ƙofa. Ni da na san shi, ni na rufe ta.